Kwalaye Uku Daga Meziko

A watan Oktoba na 1939 Robert Capa ya bar Paris a gurguje, ya hau jirgin ruwa zuwa New York. Bayahude ne ɗan ƙasar Hangari, kuma kowa ya san yana tare da masu adawa da Hitler da Franco. Yaƙi ya riga ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamus, hukumar Faransa kuma ta fara kwashe baƙin da ba ta yarda da su ba tana tsarewa. Bai wuce shekara 26 ba a lokacin, amma tun a Disambar 1938 mujallar Picture Post ta Ingila ta yi masa kirari da cewa duk duniya babu kamarsa a ɗaukar hoton yaƙi. Hotunan da suka jawo masa wannan suna na yaƙin basasar Sifaniya ne, wanda aka gwabza daga 1936 zuwa 1939, kuma bai tafi da asalinsu ba. Ya bar naɗe-naɗen fim ɗin a ɗakin aikinsa, gida mai lamba 37 a titin Froidevaux da ke unguwar Montparnasse. Da ya sake shiga Paris tare da sojojin ƙawance a 1944, babu su babu dalilinsu.

Sai mutum ya san yadda mai hoto mai zaman kansa yake ci da sana'arsa kafin ya gane girman wannan asara. Galibin rayuwarsa Capa ba ya jiran albashin kowa. Shi zai nemo kuɗin mota, ya sayi fim, ya kutsa inda ake harbi, a wanke, a kai wa edita. Editan mujallar Vu ko Regards ko Life ya tsinci uku ko biyar, ya datse gefen da bai yi masa ba, ya rubuta abin da ya ga dama a ƙasa, yau ya sa sunan mai hoto, gobe ya manta. Abin da ke rage wa mai hoto shi ne nagatif. Daga jikinsa ake sake wanko hoto a sayar, kuma shi ne shaidar cewa kai ka ɗauka, a wuri kaza, bayan hoto kaza, kafin hoto kaza. Saboda wannan haƙƙi ne ma a 1947 Capa da David Seymour da Henri Cartier-Bresson da George Rodger suka kafa ƙungiyar Magnum, don hoto ya ci gaba da zama mallakar wanda ya ɗauke shi ko da mujalla ta buga.

Mutum uku ne suka yi aikin Sifaniya kafaɗa da kafaɗa, kuma duk ukun fagen yaƙi ya cinye su. Gerda Taro ta rasu a Sifaniya a 1937. Capa ya taka nakiya a Biyetnam ranar 25 ga Mayu 1954. Seymour, haifaffen Warsaw wanda aka fi sani da Chim, an harbe shi kusa da mashigin Suwez a Masar a Nuwambar 1956. Nauyin nema sai ya faɗo kan ƙanen Capa, Cornell, shi ma mai hoto, wanda a 1974 ya kafa cibiyar adana hotuna ta ICP a New York, kuma babban abin da ya sa a gaba shi ne kada aikin yayansa da ire-irensa ya bi ruwa.

Tambayar farko mai sauƙi ce: wa aka bar wa makulli? Imre Weisz ne, wanda ake kira Csiki, abokin Capa tun suna yara a Budapest, kuma shi ke wanke masa hotuna a Paris. A lokacin yana nan da ransa, a birnin Meziko. A wata wasiƙa da ya rubuta wa Cornell ranar 5 ga Yuli 1975, ya ce da sojojin Jamus suka doso Paris, ya zuba fina-finan a jakar goyo, ya hau keke ya nufi Bordeaux da niyyar samun jirgin da zai kai su Meziko. A kan titi ya gamu da wani mutumin ƙasar Chile, ya roƙe shi ya kai ƙunshin ofishin jakadancinsu a ajiye, mutumin ya amsa. Shi kuwa Csiki daga baya aka tsare shi a wani sansani a Maroko, sai a farkon shekarun 1940 ya samu ya tsallaka Meziko. A can ya auri shahararriyar mai zane Leonora Carrington, ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A 1979 Cornell ya buga cigiya a mujallar Photo ta Faransa, amma da labari mai ɗan bambanci. A cigiyar, wani aboki ne ya ɗauki akwati ya nufi Marseille, a hanya ya damƙa shi ga wani tsohon sojan yaƙin Sifaniya, shi kuma zai ɓoye shi a ɗakin ƙasa na ofishin jakadancin wata ƙasar Latin Amurka. Gari ya bambanta, mai karɓa ya bambanta. Amma idan aka ɗora labaran biyu ɗaya a kan ɗaya, abu guda bai motsa ba: kayan sun bar Paris, sun yi kudu, sun shiga hannun jakadancin wata ƙasar Latin Amurka. Wannan shi ne bakin zaren, kuma shekaru da yawa yana hannun masu nema ba su ja shi zuwa ƙarshe ba, don hankalinsu yana kan ƙasar Faransa.

Ba laifinsu ba ne, domin Turai ta yi ta fito da gutsattsarin da ke ƙara musu rai. A 1970 wani manazarci mai suna Carlos Serrano ya ci karo da littattafai 8 a ma'adanar takardun ƙasar Faransa, an manna musu ƙananan hotuna kusan 2,500 na yaƙin Sifaniya, kowane girman nagatif ɗinsa. Irin littafin da mai hoto ke nuna wa edita ne ya zaɓa. A 1978 mai hoto Bernard Matussière ya tsinci nagatif kusan 100 a saman rufin gidan nan na titin Froidevaux. A 1979 kuma wasu hotunan kusan 100 suka ɓullo a ma'aikatar harkokin wajen Suwidin, cikin takardun Juan Negrín, firaministan jamhuriyar da Franco ya kifar. Babu ɗaya a cikinsu da ya zama akwatin da ake nema. Sai dai littattafan nan 8 sun yi amfani babba. Sun tabbatar da cewa akwai dubban hotuna da aka jera aka sa wa lamba, sun kuma nuna cewa aikin Capa da na Taro da na Chim a cakuɗe yake wuri guda. Duk ranar da fina-finan suka bayyana, akwai abin da za a gwada su da shi.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A 1995 aka yi baje kolin hotunan yaƙin Sifaniya na wani ɗan Holan, Carel Blazer, a birnin Meziko. Cikin waɗanda suka je kallo akwai wani mai shirya fim, Benjamin Tarver, wanda ya gaji wasu kwalaye uku cike da tsofaffin fina-finai ta hannun gwaggonsa. Abin da ya gani a bango ya yi kama da abin da ke gidansa. Sai ya rubuta wa Farfesa Jerald Green na kwalejin Queens a New York yana neman shawara kan yadda zai tsara su jama'a su amfana. Green kuwa abokin Cornell ne.

To, me ya kai kayan Paris gidan wata dattijuwa a Meziko? Gwaggon tana da kusanci da gidan Janar Francisco Aguilar González, kuma daga cikin kayansa kwalayen suka fito. Janar ɗin shi ne jakadan Meziko a wurin gwamnatin Vichy, wadda ta riƙe kudancin Faransa ƙarƙashin inuwar Jamus, a 1941 da 1942. A nan labarin Csiki da cigiyar Cornell suka haɗu. A waɗannan shekaru babu ƙasar Latin Amurka da ta tsaya wa 'yan jamhuriyar Sifaniya kamar Meziko. Shugaba Lázaro Cárdenas ya mara musu baya tun ana yaƙi, bayan sun faɗi kuma ya buɗe musu ƙofa, aka kwashi kimanin mutum 20,000. Ƙaramin jakadanta a Marseille, Gilberto Bosques, ya ba dubban mutane takardun fita. Chim da kansa ya bi jirgin Sinaia a 1939 yana ɗaukar hoton 'yan gudun hijira wajen 1,600 da ke kan hanyar Meziko. Duk wanda ke riƙe da abin da zai iya jawo wa 'yan jamhuriya kisa, fuskokinsu ƙarara a fim, ofishin Meziko ne zai fara faɗo masa a rai. Da wa'adin Janar ya ƙare, kwalayen suka bi kayansa suka tsallake teku.

Ashe duk tsawon shekarun nan Csiki da kwalayen da ya ɗauko a keke gari ɗaya suke zaune. Ya rasu a Janairun 2007, saura 'yan watanni a buɗe su a gaban masana.

Sanin inda kaya yake daban, karɓo shi daban. Shekara 12 aka yi ana kai-kawo. Wasiƙu sun tafi, wasu ba amsa. A 2003 Richard Whelan, wanda ya rubuta tarihin rayuwar Capa, da Brian Wallis na ICP sun sake gwadawa, ba ta ɓulle ba. Ni dai ban ga aibun Tarver ba da ya yi ta jan ƙafa. Meziko ta karɓi mutanen da ke cikin hotunan a lokacin da wasu ƙasashe suka rufe ƙofa, jikokinsu suna can, kuma mai riƙe da amana yana da haƙƙin ya tambaya ko New York ce ta fi cancanta. Wadda ta warware ƙullin ita ce Trisha Ziff, mai shirya baje koli da fina-finai da ke zaune a birnin Meziko. Ta yi ta zama da shi har ya yarda, ba tare da an biya kuɗin saye ba. Ranar 19 ga Disamba 2007 ta shiga ICP da kayan a hannunta. Whelan ya riga ya rasu a Mayun wannan shekarar. Cornell ya gan su yana dab da shekara 90, ya rasu a Mayun 2008.

Abin da ake ta kira akwati ya zama kwalaye uku marasa girma. Biyu an raba cikinsu gida-gida, kowane gida da naɗin fim guda, a cikin murfin kuma an ja layuka an rubuta da hannu abin da ke kowane gida. Na ukun ambulan ne ɗauke da yankakkun fim. Jimilla naɗi 126, nagatif kimanin 4,500. Fim ɗin zamanin irin mai kamawa da wuta ne, mai narkewa idan ya tsufa cikin laima, amma waɗannan sun fito lafiya lau. Masana daga gidan adana hotuna na George Eastman a Rochester suka ƙera wata na'ura da za ta riƙe fim ɗin da ya shekara kusan 70 a naɗe, a ɗauki hotonsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an tsage shi ba.

Abin da kowa ya fara lalube shi ne hoton sojan da ke faɗuwa da bindiga a hannu, wanda Vu ta buga ranar 23 ga Satumba 1936, Life ta maimaita a Yulin 1937. Tun 1975, da Phillip Knightley ya tayar da maganar a littafinsa The First Casualty, ake gardama ko harbi ne na gaske ko shiri. Da an samu naɗin da ya fito daga ciki, da hoton da ke gabansa da na bayansa sun raba gardama. Ba ya cikin kwalayen. Amsar da ta fi ƙarfi daga wani wuri ta zo: a 2009 José Manuel Susperregui ya bi siffar tsaunukan da ke bayan sojan, ya nuna cewa a kusa da Espejo aka ɗauka, kimanin kilomita 50 daga Cerro Muriano inda aka daɗe ana cewa. Wasu jaridu sun nuna kamar an yi asarar tafiya tunda babu wannan hoto. A ganina sun duba inda bai kamata ba, domin kwalayen sun amsa tambayar da ta fi wannan nauyi.

Shekara da shekaru ana cewa fina-finan Capa ake nema. Da aka baje su, sai ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku ne nasa. Kashi ɗaya na Chim, kashi ɗaya na Taro, da 'yan kaɗan na Fred Stein, wanda ya ɗauki Taro a Paris a 1935.

Tushen wannan cakuɗa yana cikin sunan kansa. Babu wanda aka raɗa wa Robert Capa. Endre Friedmann ne, haifaffen Budapest a 1913, da Gerta Pohorylle, haifaffiyar Stuttgart a 1910, 'yan gudun hijira biyu da ke fama da talauci a Paris. A 1936 suka ƙirƙiro wani mai hoto Ba'amurke da wannan suna, don editoci sun fi sakin kuɗi idan suka ji Amurka. Shi ya ɗauki sunan, ita ta koma Gerda Taro. Da farko hotunansu duka da sunan Capa suke fita, daga baya aka koma buga hatimin Capa da Taro, sai a 1937 ta fara sa nata ita kaɗai, tana aika wa jaridar Ce Soir. Ranar 25 ga Yuli 1937, sojojin jamhuriya na ja da baya daga Brunete, tana maƙale a gefen motar da ta ɗauko masu rauni, wata tankar yaƙi ta ɓangarensu ta afka musu. Washegari ta cika. An binne ta a Père Lachaise ranar 1 ga Agusta, ranar da za ta cika shekara 27, dubban mutane suka raka ta. Bayan haka sunan Capa ya yi ta girma, hotunanta da yawa suka shige ƙarƙashinsa, ita kuma aka bar ta da matsayin budurwar da ta mutu. Littafin Irme Schaber na 1994 ne ya fara dawo da ita a matsayin mai sana'a.

Rabe aikin mutum uku da suka yi amfani da fim iri ɗaya aiki ne na haƙuri, kuma Cynthia Young ta ICP ce ta jagorance shi. An fara da rubutun cikin murfi. An gwada kowane naɗi da littattafan nan na Paris, da tsofaffin mujallu, da hatimin da ke bayan hotunan da aka wanke tun wancan zamani. Sannan aka bi kwanan wata. Duk abin da ya biyo bayan Yulin 1937 ba na Taro ba ne, don haka yaƙin Teruel a hunturun 1937 zuwa 1938, da na kogin Segre a Nuwambar 1938, da sansanonin Argelès da Le Barcarès da Bram inda Faransa ta tsare waɗanda suka tsallako iyaka a 1939, na Capa ne. Yankin Basque da Oviedo na Chim ne, shi ya je can. Inda Capa da Taro suke tare, fim ɗin da kansa yakan tona: a fagen Segovia ga Capa a cikin hoto riƙe da kyamarar ɗaukar majigi, ke nan wani hannun ne ya danna, kuma ita ce a gefensa.

Da aka jera nata su kaɗai, sai halin aikinta ya fito. A Mayun 1937, bayan an yi wa Valencia ruwan bama-bamai, ta shiga ɗakin ajiyar gawa ta ɗauki matattun da kusa, fuska bayan fuska, sannan ta juyo ta ɗauki jama'ar da suka matse a jikin ƙofar ƙarfe suna jiran a faɗa musu ko nasu na ciki. Mujalla ta buga 'yan kaɗan. A naɗin kuwa ana bin ta taki-taki, ana ganin inda ta tsaya, inda ta ƙara matsawa, inda ta kasa barin wuri sai da ta sake ɗauka. Wannan ne ya fi taɓa ni a duk labarin. Mace mai shekara 26, wadda aka kora daga ƙasarta, ta tsaya a gaban gawarwakin mutanen wata ƙasa ta ƙi kawar da kai, kuma shekara 70 babu wanda zai iya nuna jerin aikin ya ce ga yadda ta yi shi.

Chim ma ya samu nasa gyaran. Akwai sanannen hotonsa na wata mata tana shayar da jariri, ta ɗaga kai tana kallon sama cikin taro. A lokacin yaƙi an haɗa shi da hoton jiragen sama, aka mai da ita uwa mai fargabar bam. Naɗin da hoton ya fito ya nuna taron manoma ne kan rabon filaye a yankin Extremadura, a bazarar 1936, kafin a harba harsashi ko ɗaya. Mai jawabi take saurare. Masu farfagandar ɓangaren da Chim yake so ne suka sauya mata labari, kuma fim ɗinsa ne ya mayar mata da shi. A cikin nasa har ila yau aka ga mawaƙi Federico García Lorca, 'yan watanni kafin a kashe shi a Agustan 1936, da 'yar siyasa Dolores Ibárruri, da sojojin Basque suna ibada a fili kafin su shiga fama.

Da ICP ta baje kolin a Satumbar 2010, ba ta tsinci goma mafi kyau ta rataye ba. An wanke naɗe-naɗen ɗungurungum, har da waɗanda suka karkace da waɗanda haske ya ɓata, aka ajiye mujallun da suka buga su a gefe, mai kallo ya gwada abin da aka ɗauka da abin da aka nuna wa duniya. Daga nan baje kolin ya je Arles da Barcelona da Paris, ya isa birnin Meziko a 2013. Ziff ta fitar da fim kan labarin a 2011, ta haɗa shi da zuriyar 'yan gudun hijira da masu tono kaburburan bai-ɗaya na zamanin Franco a Sifaniya. Akwai kuma littafin Death in the Making da Capa ya fitar a New York a 1938 ya sadaukar wa Taro, wanda ke ɗauke da hotunan Chim ba tare da sunansa ba. A 2020 an sake buga shi, kuma a wannan bugun an bayyana wanda ya ɗauki kowane hoto daga cikin su ukun.